Haɗarin Mota: A Wuyan Wa Haƙƙin Ɓarna Yake?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sandan Najeriya suka tsananta binciken takardar inshorar mota, da yawanmu mun ɗauke ta tamkar kuɗin wuce shinge. Alhali tambayar da take amsawa tsohuwa ce a fiƙihu: idan mota ta yi ɓarna, wa zai biya?

Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar da cewa wanda ya lalata dukiyar wani shi zai biya, ko da gangan ne ko bisa kuskure. Idan kuwa rai ya salwanta saboda kuskuren direba, diyya tana kan danginsa na wajen uba, kaffara kuma tana kansa. Cewa "ƙaddara ce" ba ya sauke haƙƙi, sai in mai shi ya yafe don ransa.

Inshorar dole, wadda hukumar NAICOM ta mayar naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wanda aka buge har naira miliyan 3, amma ba ta gyara motar mai laifi. Masu ƙyamarta suna da hujja, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta haramta inshorar kasuwanci a 1985 saboda garari. Sai dai ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, kuma akwai kamfanoninta masu lasisi a ƙasar nan.

Takardar jabu ce ba ta da uzuri. Ranar haɗari, marayu da wanda aka ragargaza wa mota su ke tashi hannu wofi, haƙƙinsu kuma yana nan a wuyan direba har gaban Allah. Allah Ya kiyaye hanya.