Inda ka ci kasuwa, nan sammaci zai same ka

A Amurka kowace jiha da kotunanta, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1945 alƙali ba ya kiran kamfanin wata jiha gabansa sai kamfanin yana da hulɗa ta zahiri da jiharsa. Intanet ce ta zo ta dagula lissafi. A 1996 kamfanin Zippo mai ƙera ƙyastu a garin Bradford na Pennsylvania ya maka wani kamfanin labarai na Kalifoniya a kotu saboda amfani da sunansa. 'Yan Kalifoniyan suka ce ai ba su da ofis ko ma'aikaci ɗaya a Pennsylvania. Gaskiya ne, amma kusan mutum 3,000 na jihar sun cike musu fom a shafinsu na intanet sun biya kuɗin rajista, su kuwa sun karɓa hannu bibbiyu. Alƙali Sean McLaughlin ya ce dole su zo, ya kuma kafa ma'auni: shafin da talla kawai yake nunawa ba ya jawo sammaci, wanda ake ciniki a kansa yana jawowa, na tsakiya a duba yawan mu'amalarsa. Hukuncin ya yi daidai, 'yan'uwa, ma'aunin ne ya tsufa, domin yau ko mai sayar da takalma shafinsa na karɓar oda. A ganina tambaya ɗaya ta wadatar: kamfanin ya nufi mutanen jihar da gangan, ya ci kuɗinsu? In haka ne, ya tattara lauyoyinsa ya je ya amsa.