Wasiƙa Daga Mancesta: Kafin Ku Ce In Aiko Da Takalmin Taya

  

Tun ranar da na tura muku hoton babban ɗana yana zamiya a kan ƙarfe da takalmin taya, saƙonni ba su yanke ba. Yaya ta ce ɗanta ya hana ta sakat, wai lallai sai kawunsa ya aiko masa irinsa. Baffa kuwa tambaya ya yi, ko kuɗi ne suka yi mini yawa. To Baffa, Allah Ya ƙara girma, ba su yi yawa ba. Shi ya sa ma na zauna rubuta wannan wasiƙa, domin na yi asara sau ɗaya a kan wannan takalmi, kuma ba na son wani daga cikinmu ya maimaita.

Da farko dai, wannan ba takalmin yawo ba ne irin wanda kuka saba gani. An yi shi ne don tsalle da gurzawa, wato yaro ya dira a kan bututun ƙarfe ko gefen dakali ya zame a kai. Wasan ya yi tashe sosai a Amurka a shekarun 1990, sannan ya ja baya, har gasar X Games ta cire shi a 2005. Amma bai mutu ba, har yau ana yinsa.

Abin da ban sani ba lokacin da na shiga shago shi ne, takalmin kashi biyu ne. Akwai wanda ƙafa ke shiga, akwai kuma gindinsa da tayoyi ke zaune a ciki, shi ake kira firam. Tun wajen 2001 kamfanoni suka daidaita a kan tsari ɗaya mai suna UFS: noti biyu ne ke riƙe firam, tsakaninsu milimita 167. Saboda haka kana iya cire firam na wani kamfani ka ɗaura na Kizer ko Ground Control ko Kaltik da alanki ɗaya, cikin minti kaɗan. Wannan sauƙi alheri ne, amma shi ne kuma ƙofar da kuɗin uba ke bi su fita.

Zaman tayoyi iri uku ne. Na farko shi ne fulat: tayoyi huɗu masu girma ɗaya, duka suna taka ƙasa. Na biyu anti-roka: taya babba gaba da baya, galibi milimita 56 zuwa 60, sai ƙanana biyu masu tauri a tsakiya waɗanda ba sa taka ƙasa, aikinsu kawai su zame a kan ƙarfe. Na uku firisitayil: taya biyu kacal, tsakiyar kuwa an bar ta fili.

Takalmin da na saya wa yaron nan da anti-roka ya zo. Bai yi wata biyu ba ya fara naci, wai ya ga wani gwani a bidiyo yana amfani da firam mai taya biyu, shi ma shi yake so. Ni kuwa ban tambayi kowa ba, na biya. A lokacin ko juyawa bai gama iyawa ba. Wata ranar Asabar muna kan hanyar zuwa filin wasa, tayar gaba ta faɗa wata tsaga a daɓen gefen titi, ya kifa, ya dafe da hannu. Makonni ya yi da ɗauri a wuyan hannu, mahaifiyarsa kuma ta yi makonni ba ta daina tuna mini waye ya sayo ba. Ga shi wanda na saya ɗin ba shi da gurbin tayoyin tsakiya balle a gyara. Yana nan a ƙarƙashin gado.

Bayan ya warke ne wani Bature a filin wasan, wanda ya haura arba'in kuma tun yana yaro yake wannan wasa, ya duba ƙafar yaron ya yi mini bayani. Nauyin mutum idan ya rabu a kan taya huɗu, takalmi ya fi gudu, ya fi saurin juyawa, kuma idan taya ɗaya ta faɗa rami sauran ukun suna ɗauke da kai. Idan taya biyu ce, duk abin da ƙasa ta yi sai ka ji shi a gwiwa, ga saurin cinyewar tayoyin.

To ga ra'ayina, kuma na tsaya a kai. Firam ba a zaɓensa don abin da gwani yake sawa. Ana zaɓensa ne da tambaya biyu: a wace irin ƙasa za ka yi wasa, kuma me ka iya a yau? Mai koyo, a ganina, da fulat ya kamata ya fara. Sai an iya tafiya ake gudu. Yaron da bai iya tsayawa da juyawa da sauka daga gangare ba, bai da abin yi a kan bututun ƙarfe tukuna.

Don adalci, ɗana bai yarda da ni ba, kuma yana da hujja. Matsalar fulat ita ce idan ka dira a kan ƙarfe ƙafarka ba ta zauna daidai a kwarmin tsakiya ba, tayar roba sai ta ciji ƙarfen, ka tsaya cak, jikinka kuwa ya wuce gaba. Anti-roka ta fi yafiya a nan, shi ya sa da yawa ke koyon gurzawa da ita. Na yarda. Amma amsata ita ce, a cikin awa biyu da yaro zai yi a fili, daƙiƙa nawa yake yi a kan ƙarfe? Sauran lokacin duk a ƙasa yake. Sannan akwai firam da aka ƙera musamman don fulat, masu faɗin kwarmi da bangon da ke kāre tayoyin tsakiya, sun rage wannan cizo sosai. Daga ƙarshe mun yi sulhu: ya shekara a kan fulat, yanzu yana da tsohuwar anti-rokarsa a jaka, yana sauyawa ranar da ya ga dama.

Sauran abubuwa biyu a taƙaice. Tsawon firam ya dace da girman takalmi. Gajere yana sa mutum tangaɗi gaba da baya, mai tsawo da yawa kuma yana hana juyawa. Sai abin da aka yi shi da shi: na roba mai tauri ya fi araha, yana zamewa lafiya, yana kuma shanye dirowa, na alminiyam ya fi ƙarfi da gudu, amma ya fi tsada. Mai koyo ba ya bukatarsa. A kula kuma, takalman yawo da yawa suna da nasu tsarin na milimita 165, firam ɗinsu ba ya hawa na UFS, kada kusancin lambar ya ruɗe ku.

Yanzu Yaya, ga maganar ɗana na wajenki. Ki yi haƙuri, ba zan aiko masa irin wannan ba, kuma ba rowa ba ce. Na san layinku. Ƙananan tayoyi masu tauri ba su da aboki sai siminti mai santsi. A kan tsakuwa da yashi kuwa faɗuwa zai yi ta yi, ƙura ta cinye boris, ga wahalar samun canji. Abin da ya dace da shi takalmin yawo ne mai taya milimita 80, tare da hular kwano da abin kāre gwiwa da wuyan hannu. Shi zan nema masa insha Allahu, bisa sharaɗi ɗaya: kada in ji labarin ya kama bayan mota ko Keke Napep a titi. Ranar da na ji, ki ƙwace ki kulle.

A gaida Inna da kyau, a ce mata jikanta ya warke sarai, ya kuma ce a gaya mata yanzu ba ya fita sai da hular kwano. Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba. Allah Ya bar zumunci, Ya tsare mana zuri'a, amin.

Naku a kullum,
daga Mancesta.