Masu Sayar da Rumfa a Bajen Koli

Akwai wata sana'a da ta shigo birnin Sakkwato wadda kakanninmu ba su sani ba, watau aikin samarin nan da kamfanonin shirya taro ke ɗauka su bi ofis-ofis da kanti-kanti, suna sayar da rumfa a bajen koli ko kujera a taron 'yan kasuwa. Yawancinsu daga hannun malamanmu na makaranta suka fito, takardunsu kuwa a teburin akawuna suke sauka. Don haka muka ga ya kamata mu ce wani abu.

Wanda ya je Kara sayen rago yakan taɓa shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Wanda ya sayi rumfa kuwa alkawari ya saya, cewa ran kaza jama'a za su taru, cikinsu har da masu kuɗin saye. Kadan ba su zo ba, ya biya kuɗin inuwa ke nan.

To, a dubi dillalin gargajiya. Ba ya cin la'ada sai mai kaya ya sallama, an ƙirga kuɗi. Shi ne shaida, in saniya ta zama ta sata ƙofarsa za a buga. Shi kuwa wannan yaro, da zarar an rubuta rasit kamashonsa ya tabbata, ko mutum ya leƙa rumfar ko bai leƙa ba. Ba mu ce macuci ne ba. Yadda ake biyansa ne ya koya masa neman mai saurin sa hannu, wa ya kai hukuma saurin sa hannu a kan kuɗin da ba nata ba? Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Sau da yawa akan ga rumfar hukuma an ƙawata ta da hoton shugaba da buhun albasa ɗaya da 'yan ƙore, amma a rasa wanda zai faɗi farashi, balle ya karɓi oda.

Alhali kuwa kaya na nan. Fatar jar akuyar ƙasar nan ita ce aka riƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko, don can suka same ta. Ga albasa da tafarnuwar fadamun Goronyo da Wurno. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, ba ya bukatar rumfa kafin a san shi. Majemi da baduku da manomin fadama su ke bukata, su ne kuma ba a zuwa wurinsu, don kamashonsu bai taka kara ya karya ba. A zamanin En'e, kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, malamin gona ne ke bin ƙauyuka yana tattaro masu kaya zuwa nunin amfanin gona, ba ya kuwa neman kwabo a hannunsu.

Bajen kolin Kaduna, da aka soma a 1979, ya yi suna ne saboda masu saye na nesa sun saba zuwa. A ganinmu rabin aikin mai sayar da rumfa ke nan, shi ne kuma rabin da aka bari: ya rubuta wa fataken fata na Kano, ya nemi dilolin albasa na Legas da Anaca, ya gayyato na Ƙonni, ga su nan bayan Illela.

Muna roƙon kamfanoni su riƙe rabin kamasho sai an tashi daga taro, a ga ko masu rumfa sun yi ciniki. Su kuma yarda dukawa goma su haɗa kuɗi su kama rumfa ɗaya. Akawun da aka kawo wa takarda kuwa, kafin ya kai ta gaba, lalle ya tambayi yaron sunayen masu sayen da suka amsa gayyata, ya kuma rubuta sunan ma'aikacin da zai zauna a rumfar da littafin oda a hannunsa.