Buri na nesa, aikin yau: Darasi daga kududdufan kuza na Jos

Yau za mu tattauna ne a kan wani ciwo da ba ya fitowa a gwajin jini, amma ya kwantar da mutane a gidaje da dama. Ciwon shi ne mutum ya wayi gari yana jin rayuwarsa ba ta da wani amfani, don kawai abin da ya ci buri a kai bai samu ba.

Idan ka duba gidanku ko na maƙwabta, da wuya ka rasa irin wannan. Ga saurayin da ya gama Jami'ar Jos, ya yi hidimar ƙasa, yau shekara uku yana zaune a majalisa yana jiran aikin ofis. Ga uwargidan da ta so zama ma'aikaciyar jinya, aure da raino suka sha gabanta, yanzu tana ganin girki da wanki sun cinye mata ƙuruciya. Ga kuma magidancin da shagonsa ya ƙone a gobarar babbar kasuwar Terminus a watan Fabrairun 2002, ya koma kasa kaya a bakin titi, kullum hirarsa ita ce yadda yake a da. Dukansu suna ganin rayuwa ta ainihi tana can wani wuri, wannan da suke ciki kuwa zaman jira ne. Matsalar ita ce zaman jira na iya cinye shekara ashirin mutum bai ankara ba.

Garin Jos kansa yana da abin da zai koya mana. Haƙar kuza ce ta raya garin tun farkon ƙarni na 20, ita ta jawo leburori da 'yan kasuwa daga Kano, Bauchi, Katsina da kudancin ƙasar nan. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, harkar manyan kamfanoni ta durƙushe, aka bar ramuka birjik a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi, ruwan sama ya cika su. Masu lambu ba su tsaya jiran kuza ta dawo ba. Suka sa injin ban ruwa a bakin kududdufan, suka yi amfani da sanyin tsaunin Filato, suka shiga noman rani na kabeji, karas, latas da tumatir. Ka je kasuwar Farin Gada da sassafe ka ga motoci ana loda musu kayan gwari zuwa Abuja, Legas da Fatakwal. Ramin da aka bari a matsayin asara, da shi wasu suka aurar da 'ya'ya suka biya kuɗin makaranta. Abin da ya rage a hannunka bayan burinka ya rushe, shi ma jari ne idan ka dube shi da kyau.

Wannan ba ya nufin ka binne burinka. Dubi Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992. Kafin duniya ta gan shi yana zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, da wasu biyu a ragar Iceland a 2018, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta nan Jos, sannan ya koma Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda. Daga nan ne ya tafi Holan, ya wuce CSKA Mosko, ya isa Leicester ta Ingila a 2016. Yaranmu suna ganin ƙarshen labarin ne a talabijin, ba sa ganin shekarun atisaye a filin ƙasa cikin hunturun Jos. Iyaye kuma ku riƙa gaya musu gaskiya: a cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a unguwanni, ƙalilan ne za su ci abinci da ita. Don haka yaro ya riƙe ƙwallonsa, ya kuma riƙe karatu ko sana'a. Ku yi hattara da masu karɓar kuɗi da sunan za su fitar da yaro Turai.

To, me za ka yi daga gobe? Fara da rubuta burinka a takarda, sannan ka tambayi kanka wane ɓangare nasa za ka iya taɓawa cikin wannan makon. Mai son buɗe shagon ɗinki ba ya buƙatar miliyan kafin ya fara zuwa wurin tela yana koyon yanka. Uwargida mai son komawa karatu za ta iya ware minti 30 bayan yara sun kwanta, ta kuma bincika ajin yaƙi da jahilci ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ake karatu a cikinta daga gida. Adashi na mako-mako ya sayi keken ɗinki da firji a gidaje da yawa. Da yayyafi kogi kan cika.

Sannan ka daina raina aikin da kake yi yanzu. Mai tuƙa Keke Napep da ke kai yara makaranta lafiya kullum, da uwar da ta tsaya a kan allurar rigakafin jaririnta, da ɗan da ke raka mahaifinsa asibiti awon hawan jini, kowannensu akwai wanda rayuwarsa ta rataya a wuyansa. Idan dare ya yi, ka tambayi kanka: wa ya amfana da ni yau? Sau da yawa za ka tarar amsar ta fi yadda kake zato.

Maigida, idan matarka ta kawo maka maganar karatu ko sana'a, kada ka kashe ta da dariya. Zauna ku lissafa lokaci da kuɗi, ku ga abin da zai yiwu. Haka iyaye, ku rage gori da kwatanta yaro da ɗan wane da ya samu aiki a Abuja. Gori ba ya samar da aiki, sai dai ya kori yaro daga gida zuwa inda ake shaye-shaye. Ba mu manta yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a tsakanin matasa da matan aure ba, har Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Da yawa daga masu faɗawa wannan hali, zaman banza da jin ba su da amfani ne mafarinsa.

Jiki ma yana da nasa rabon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Wannan na taimaka wa barci, yana kuma rage damuwa. Amma akwai iyakar da shawara irin tamu ba ta wadatarwa. Idan mutum ya haura mako biyu cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da cin abincinsa suka rikice, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ya zama larurar da ke buƙatar likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Kada a ce masa ya yi haƙuri kawai, a raka shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Mai karatu, wataƙila burinka ya cika yadda ka tsara shi, wataƙila kuma ya zo da wata kama daban. Ko ma dai yaya, a cikin ranakun nan da kake ganin ba komai ba ne ake gina shi. Zaɓi abu ɗaya da za ka fara a wannan makon, ka faɗa wa wani na kusa da kai don ya riƙa tambayarka ina aka kwana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.