Sharhi: Falet, katakon da ke tsakanin ɗan kasuwar Abuja da rumbunan Amazon

A tashoshin manyan motoci na Abuja, har gobe da kai da kafaɗa ake lodi: 'yan dako su jera buhu kan buhu, kwali kan kwali, sai tirela ta cika. Wannan tsari yana biyan buƙatar cinikin cikin gida, amma ba ya da amfani a ƙofar rumbunan ajiya na manyan kamfanonin da ke sayar da kaya ta intanet. Can, kaya masu yawa a kan falet ake karɓarsu, wato dandamalin katakon da injin ɗaga kaya ke sa wa ƙahonni ya ɗauke shi gaba ɗaya.

Mai sarrafa man kaɗanya ko zoɓo ko garin citta a Babban Birnin Tarayya, wanda yake son kamfanin Amazon ya ajiye masa kaya ya riƙa aika wa masu saye, dole ne ya san wannan. A Amurka, falet mai inci 40 a faɗi da 48 a tsawo ake nema. A yawancin ƙasashen Turai kuma mai santimita 80 da 120. Akwai iyakar tsayi da nauyi. Kada kwali ya leƙo waje, a naɗe lodin da leda mai nuna abin da ke ciki, a manna lambar da na'ura za ta karanta. Idan aka saɓa, rumbun yana iya ƙin karɓar kayan, kuɗin ajiya da na sake shiryawa a ƙasar waje kuma ya hau kan mai su.

Shi kansa katakon yana da doka. Ƙa'idar duniya ta ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa. Hanyar da aka fi bi ita ce a gasa shi har cikinsa ya kai maki 56 na ma'aunin Salshiyas tsawon minti 30, sannan a buga masa hatimi. A Nijeriya, Hukumar Killace Amfanin Gona, NAQS, ke da alhakin wannan fanni. Kafinta a kasuwar katako ta Dei-Dei zai iya haɗa falet mai ƙarfi cikin yini guda, amma muddin babu hatimin, ba shi da izinin ƙetare iyaka.

Gwamnati ba baƙuwar batun ba ce. Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a zamanin Kemi Adeosun, ta wajabta ɗora kayan kwantenar da ake shigowa da su a kan falet daga 1 ga Janairu, 2018, domin sauƙaƙa wa jami'an Kwastam bincike. Masu shigo da kaya sun koka cewa katakon yana cin wuri, sai an ƙara kwantena. Muhawarar dai ta ta'allaƙa ne kan kayan da ke shigowa, ba a waiwayi ƙaramin mai fitarwa sosai ba.

Shi kuwa matsalarsa ta bambanta. Sau da yawa kayansa ba su kai cika falet biyu ba, balle kwantena. Abin da yake buƙata shi ne wurin da za a haɗa kayan mutum goma ko ashirin, a auna, a jera, a buga hatimi, kafin a kama hanyar Legas. Unguwar masana'antu ta Idu ta dace da haka: nan ne tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma Kaduna tana da tashar sauke kaya ta tsandauri tun 2018, Kano ta samu ta Dala a 2023. Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, da NAQS duka a Abuja hedikwatocinsu suke, don haka ba nisa ne zai hana su zama da 'yan kasuwa masu rumbuna a Idu su tsara cibiyar ba.