Rimot ɗin ba jabu ba ne, saitin wayarka ne

Jama'a, don Allah a daina ɗora wa rimot laifin da ba nasa ba.

Kullum sai an turo mana saƙo: "Na sayi rimot na Bluetooth a Farm Centre, na haɗa shi da waya, ina dannawa sai dai sauti ya ƙaru, an cuce ni." Malam, ba wanda ya cuce ka. Ƙaruwar sautin nan ita ce ma shaidar cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan ɗan abin ba ya magana da kyamara kai-tsaye. Wayarka tana ɗaukarsa ne tamkar allon rubutu, shi kuma abin da yake aika mata shi ne umarnin maɓallin ƙara sauti. Idan ba ka gaya wa kyamara cewa maɓallin sauti na ɗauka ne ba, me kake so ta yi?

Buɗe kyamara, shiga saitinta, nemo wurin aikin maɓallin sauti, ka mayar da shi na ɗauka maimakon zuƙowa ko sauti. Sai ka koma ɓangaren bidiyo tukuna ka danna: sau ɗaya ya fara, sau ɗaya ya tsaya. Masu iPhone ba sa ma buƙatar wannan saitin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa wai rimot kayan 'yan gayu ne. Je ka duba bidiyon masu sayar da atamfa da turaren wuta daga gida a Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi. Mace ta jingina waya da gwangwanin madara, tana ɗauka da kyamarar gaba saboda nan hannunta ke kaiwa, launin atamfar ya fito a koɗe, mai saye ya wuce. Alhali kyamarar baya, wadda a yawancin wayoyi ta fi kyau nesa ba kusa ba, tana kallon bango. Ko kuma a miƙa wa yaro wayar, ya yi ta rawar hannu har ya yanke kan mai magana. Hajiya, wannan ba tsimi ba ne, asarar ciniki ce.

Da rimot za ki kafa waya, ki tsaya inda haske yake, ki danna a cikin tafin hannu. Yana kai wa kamar mita 10 idan babu bango a tsakani.

Eh, yana da nasa aibun. Cikin TikTok sau da yawa ba ya aiki, don haka ɗauka da kyamarar waya sannan ka ɗora. Kuma batirinsa, CR2032 mai kama da kwabo, haɗari ne babba idan yaro ya haɗiye shi, kada a bar shi a ƙasa.

Kafin ka ba da kuɗi, ka sa mai shago ya haɗa shi da wayarka, ka ɗauki bidiyo a gabansa. Idan ya ce ba a buɗe leda, shago na gaba yana nan.