A Gwada Ma'aunin Kafin A Yarda Da Awon Iskar Sakkwato

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, ta lulluɓe birnin Sakkwato da hazo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Basakkwace. Abin da ya zo sabo shi ne alkaluman da ake cewa suna nuna yawan dattin da ke cikin wannan iska. Yau ɗalibi yakan duba wayarsa ya ga lamba, ya kwafe ta cikin kundin bincikensa; ma'aikaci kuma ya ɗauko ta daga kundin ya sa a rahoto, rahoton ya hau teburin Kwamishina. Da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi inda lambar ta fito.

Ba shakka akwai bukatar awo. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ƙa'idarta, ta ce kada ƙurar da ake kira PM10 ta wuce maikirogiram 45 cikin kowace kubik mita ta iska a yini guda, ita kuwa mafi laushi, watau PM2.5, wadda ke ratsawa har can cikin huhu, kada ta wuce 15. A jerin da hukumar ta fitar a 2016, garuruwan Nijeriya huɗu sun shiga cikin ashirin mafi ƙazantar iska a duniya: Onitsha da 594 a matsakaicin shekara, Kaduna da 423, sai Aba da Umuahia. Rashin ganin sunan Sakkwato a cikin ashirin ɗin ba shaidar tsabta ba ce. Jerin ya ƙunshi garuruwan da aka auna ne kawai.

To, amma awon da ba a gwada ma'auninsa ba ya fi rashin awo haɗari, domin wanda ba shi da lamba ya san bai sani ba. Mai sayen gero a Tsohuwar Kasuwa yakan duba gindin mudu kafin ya biya kuɗi. Abin mamaki ne a ce mai digiri ya kasa yin wannan hattara a kan abin da ya shafi numfashin jama'a.

Da yawa daga lambobin da wayoyi ke nunawa ba a ƙasa aka auna su ba. Ƙiyasi ne da kwamfuta ta yi daga hotunan tauraron ɗan Adam da lissafin tafiyar iska. Yana da amfaninsa, sai dai bai san bambancin Kanwuri da Kalambaina ba, inda masana'antar siminti take aiki tun 1967, balle ya san hayaƙin babura da Keke Napep a shataletale da magariba.

Ƙananan na'urori masu araha kuwa, waɗanda suka yawaita a 'yan shekarun nan, suna da nasu ciwo, kuma ciwon ya fi tsanani a gari irin Sakkwato. Ba sa auna nauyin ƙura. Haske suke harbawa cikin iska, su ƙirga abin da ya gitta, sa'an nan su ƙiyasta nauyinsa. An tsara su ne bisa hayaƙi mai laushi, saboda haka manyan ƙwayoyin ƙurar hamada sukan kuɓuce musu, sai su rage lamba a tsakiyar hunturu. Da damina kuma, laima takan kumbura ƙwayoyin, sai su ƙara lamba. Watau na'urar takan sassauta a lokacin da iska ta fi muni, ta tsananta a lokacin da ruwan sama ya wanke gari. Duk wanda ya ɗauki wannan lamba yadda take, zai iya rubuta wa Gwamnati cewa tazarar da ke tsakanin Janairu da Agusta ba ta da yawa, alhali kowane mai ciwon asma ya san ba haka ba ne. Ga kuma zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40, ga ƙurar da ke toshe bakin na'urar, ga ɗaukewar wuta.

Tantance irin waɗannan alkaluma ba ya bukatar ƙwararre daga Turai. Hankali ne da haƙuri. PM2.5 wani yanki ne na PM10, saboda haka duk takardar da ta nuna ƙaramin ya fi babban, kuskure ne. Lambar da ta tsaya cak kwana uku ba ta motsa ba, alamar na'ura ce da ta mutu, kuma bai halatta a cike gurbin sa'o'in da babu wuta da sifiri ba, domin yin haka yana jawo matsakaicin wata ya faɗi ƙasa. Lambar da ke tashi kullum da ƙarfe bakwai na dare, a duba ko akwai injin janareta ko tukubar mai tsire a gindin sandar. Mafi sauƙi duka, ma'aikatan Hukumar Kula da Yanayi a filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suna rubuta nisan da ido ke iya hangowa. Ran da hazo ya hana jirgi sauka, na'urar da ta ce iska lafiya lau take ta yi ƙarya.

Akwai kuma ƙaryar da ba ta na'ura ba. A 2017 kotu a birnin Shi'an na ƙasar Sin ta ɗaure jami'ai bakwai saboda cusa auduga a bakin na'urar awo don lambar garinsu ta yi kyau. Wannan ya isa dalilin da zai sa kada a bar mai gurɓata iska, ko ofishin da za a yaba wa in lamba ta sauka, ya zama shi kaɗai ke riƙe da littafin awo.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, an kuma fitar da ƙa'idojin kula da ingancin iska a 2014. Abin da ya wajaba a kan Ma'aikatar Muhalli ta Jiha shi ne ta haɗa kai da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a tsayar da babbar na'ura guda, irin wadda ke tace iska a kan takarda a auna nauyinta a sikeli. A riƙa kawo kowace ƙaramar na'ura a jera ta kusa da ita na 'yan makonni, sau ɗaya da hunturu, sau ɗaya da damina, a rubuta yawan kuskurenta. Malaman jami'a kuma su daina karɓar kundin da bai faɗi sunan na'ura, da inda aka kafa ta, da ranar da aka gwada ta ba. Gwajin farko ya kamata a yi shi ne a watan Janairu, lokacin da hazo ya fi kauri.